Sikirif ɗina ba ya ganin kalmar da ke ƙarshen layi

Tambaya: Malam, na rubuta ɗan sikirif na Bash da zai zaƙulo layukan da suka ƙare da FAILED a fayil ɗin log, wato inda manhaja ke rubuta abin da ya faru. Da fayil ɗin Linux lafiya lau yake aiki, amma da na ba shi wanda aka kwaso daga sabar Windows ko layi ɗaya bai fito ba, alhali ga kalmar nan ina kallonta da idona.

Amsa: Idonka bai yi ƙarya ba, akwai dai wata alama a bayan kalmar da allo ba ya nunawa. Linux da alama ɗaya yake rufe layi, LF, lamba 10 a tsarin ASCII. Windows kuwa biyu yake sawa, CR mai lamba 13 sannan LF. Gado ne tun zamanin na'urar teletaif, inda CR ke mayar da kan bugu farkon layi, LF kuma ya tura takarda sama. Kai ka nemi FAILED$, wato FAILED a ƙarshen layi, shi kuma fayil ɗin FAILED ne da CR manne a wutsiyarsa, sai grep, umarnin da ke zaƙulo layukan, ya ce bai gani ba.

Fara tabbatarwa tukuna. Buga cat -A fayil.log | head. In ka ga ^M$ a ƙarshen layukan, to ^M ɗin nan shi ne CR.

Maganin da nake ba da shawara shi ne sed 's/\r$//' fayil.log | grep 'FAILED$', don sed zai cire CR na ƙarshen layi kaɗai kafin grep ya duba. Za ka ji wasu na cewa tr -d '\r'. Ban faye sonsa ba, don yana share kowane CR, har wanda manhaja ta sa a tsakiyar layi don nuna ci gaban aiki, sai 10% da 20% su manne da juna. Shi kuwa dos2unix, umarnin da ke mayar da ƙarshen layin Windows irin na Linux, asalin fayil ɗin yake sauyawa, log kuma shaida ne. In za ka yi amfani da shi, yi a kan kwafi.

In ka koma Python, open() da kansa yake mayar da CRLF zuwa LF, muddin ba ka buɗe da "rb" ba. Wajen tsabtace layi, rstrip("\r\n") za ka sa. Shi strip() har tab yake cinyewa, kuma in tab ne ke raba guraben layinka, gurbin ƙarshe kuma babu komai a ciki, lissafin gurabenka zai ragu.

Wani tarko kuma: a Bash, while read da ke karanta fayil layi-layi yana tsallake layin ƙarshe in babu LF a bayansa. Rubuta while IFS= read -r layi || [ -n "$layi" ], zai kamo shi.