Folik asid ko folinik asid ga yaro mai galahanga (autism)?

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Kin tambaya ko folik asid ɗin da ake bai wa masu ciki a awo zai yi masa, ko sai folinik asid ko metilfolet.

Dukansu nau'o'in bitamin ne da ake kira folet, amma ba abu ɗaya ba ne. A jikin wasu yaran masu galahanga, garkuwar jiki tana toshe ƙofar da folet ke bi ya shiga ƙwaƙwalwa. Folik asid kusan ƙofar kaɗai ya dogara da ita, shi kuwa folinik asid, wanda likitoci ke kira lukoborin, yana iya bi ta wata hanyar. Shi aka fi gwadawa. A gwajin Dakta Richard Frye a Amurka kan yara 48, magana ta ƙaru, musamman ga masu wannan toshewar. Amma gwajin ƙarami ne, ba kowane yaro ke amfana ba. Metilfolet kuwa hujjarsa ba ta kai haka ba.

Don Allah kada ki sayi folinik asid a kemis da kanki. Da nauyin yaro ake auna shi, yakan kuma kawo rashin barci da ƙiriniya. In yana shan maganin farfaɗiya irin su fenobabiton, ki faɗa wa likitan yara tun farko, don folet na iya rage ƙarfinsa. Horon maganar da yake zuwa kuma kada a dakatar.