Nas, mai jinya ko mai reno: wanne za ku biya kuɗinsa?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni uku na haɗa yau don duk kalmar Turanci ɗaya ce ta rikita masu su, wato nurse, wadda mu muke cewa nas.

Na farko daga wata 'yar uwa a Zariya: "Anti barka da ƙoƙari. Baba ne a kwance ya daɗe har bayansa ya fara ja, sai na shiga wani shagon intanet na rubuta nursing pillow a zatona matashin jinya ne, da aka kawo sai naga wani lanƙwasasshen filo da hoton mace da jariri a jikin ledar. In mayar ko zai yi masa amfani?"

Allah Ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne. Ki mayar in sun yarda, in sun ƙi ki ajiye wa wata mai jego ki kai mata ranar suna. Kalmar nan tun asali shayarwa take nufi, daga Latin ta fito inda nutrire ke nufin ciyarwa, shi ya sa a littattafan sira na Turanci za ki ga suna ce wa Halimatus Sa'adiyya wet nurse, ma'anar jinyar mara lafiya daga baya ta shigo. To a kasuwa tsohuwar ma'anar ce ke aiki, duk inda kika ga nursing a jikin filo ko rigar nono ko mayafi to kayan shayarwa ne. Abin da Baba ke buƙata katifar iska ce mai famfo, masu shagon kayan asibiti na ce mata ripple mattress, tana hurawa tana sacewa bi da bi don kar nauyin jiki ya zauna waje ɗaya. Amma da wuta take aiki fa, ki fara tunanin sola ko inbata kafin ki biya. Kuma katifa ba ta ɗauke muku juya shi, duk bayan kamar awa 2 a canza masa kwanciya, a duba ƙugu da duddugen ƙafa da kafaɗa. Jan nan da kika gani in kin danna da yatsa bai yi haske ba to gyambon kwanciya ne ya fara, kar a murza wurin, kar kuma ki tura masa wannan filon mai rami a ƙarƙashi, a nuna wa ma'aikacin lafiya da wuri.

Na biyu wani magidanci ne daga Kano: "Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki an sallamo mu, ni da ƙannena duk muna fita aiki. Wani kamfani ya ba mu farashi biyu, na nurse da na caregiver, na farkon ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ni dai bana son in yi wa mahaifiyata rowa, ba gara in ɗauki mai tsadar ba?"

Malam, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka masu yi maka. Amma tsaya tukuna, tsada ba ita ce ladan ba. Ka samu takarda ka rubuta duk abin da ake yi wa Hajiya daga asuba zuwa dare. In wanka ne da alwala, canza kaya, ba ta abinci a baki, juya ta, miƙa mata ƙwayoyin da likita ya rubuta da zaman hira don kar kaɗaici ya dame ta, wannan aikin caregiver ne, mai dawainiya da mara lafiya, kuma macen kirki mai haƙuri da tsafta da ƙarfin ɗaga mutum za ta yi shi tsaf. In kuwa akwai allura, ƙarin ruwa, wankin ciwo, robar fitsari ko robar abinci ta hanci, to nan dole sai nas mai lasisi. Gidaje da yawa abin da ya fi yi musu shi ne mai dawainiya ta zauna kullum, nas kuma ta riƙa leƙowa ranakun da aka tsara, ragowar kuɗin a kai wajen mai gashin ƙashi, don mai shanyewar jiki motsa gaɓoɓin nan da wuri ba ƙaramin taimako yake ba.

Sannan dan Allah kar farin kaya ya ruɗe ka. A Najeriya nas ita ce wadda Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta ƙasa ta yi wa rajista, hukumar da dokar 1979 ta kafa, bayan karatun shekara 3 a makarantar nas ko 5 a jami'a. Wadda ta koyi aiki a wani asibitin kuɗi ana kiranta auxiliary ba ta cikin wannan rajistar komai iya allurarta. Ka ce a nuna maka lasisi ka duba ko bai ƙare ba, wanda yake da shi ba ya jin haushin tambaya. Abin nan yana ci min rai wallahi, mutum ya biya kuɗin nas a turo masa yarinyar da ba ta san hawan jini nawa ne haɗari ba.

Ka lura da kalmomin takardar yarjejeniya ma. Look after, care for da take care of duk kulawa ce ta gaba ɗaya, ba su ɗora wa kowa alhakin magani ba. Babysit da mind na yara ne, a zauna da su na 'yan awoyi, foster riƙo ne, tend kuwa har lambu da garke ana yi wa. Mu a Hausa mun raba su tun tuni, jinya daban, reno daban, riƙo daban, kiwo daban, don haka ka sa su faɗa maka da Hausa me za ta yi me ba za ta yi ba, kwana za ta yi ko wuni, wa zai karɓe ta ranar hutunta, a rubuta a sa hannu. Kuma a tambayi Hajiya kanta, ita za a riƙa yi wa wanka, in ranta bai kwanta da mutum ba a canza.

Na uku gajere ne, daga wani ƙanena a Gusau: "Ejan ya ce zai samo min aikin nas a Ingila in na kawo miliyoyi, a takardar naga care worker aka rubuta, ina shirin sayar da filina."

Kar ka sayar. Care worker ba nas ba ne, dawainiyar tsofaffi ce a gidajen kula da su ko a gidajensu, aiki ne na halal mai mutunci amma ƙofar ta rufe. Tun watan Maris na 2024 Birtaniya ta hana masu wannan bizar tafiya da iyali, sannan daga 22 ga Yulin 2025 ta daina karɓar sababbin masu nema daga waje gaba ɗaya. Aikin nas na gaske kuwa sai kana da lasisinka, ka ci jarabawar Turanci ta IELTS ko OET, ka yi ta kwamfuta ta CBT, sannan ta gwajin aiki ta OSCE a can, kuma Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar ma'aikata zuwa cikinsu farautar ma'aikatan lafiya, sai dai mutum ya nema da kansa kai tsaye. In ka riga ka ba ejan ɗin wani abu ka tattara rasit da saƙonnin WhatsApp ɗinku yau ɗin nan ka nemi kuɗinka a gaban shaidu.