Maigidana mai dashen ƙoda ya kamu da korona: ya dakatar da magungunan dashen ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, likita. Shekara biyu ke nan da aka yi wa maigidana dashen ƙoda a Indiya. Yana shan tacrolimus safe da dare, da mycophenolate, da prednisolone miligiram 5. Jiya ya tashi da ciwon maƙogwaro da tari da zazzaɓi, yau gudawa ta biyo baya, gwaji kuma ya nuna korona ce. Yayansa ya ce a dakatar da magungunan dashen don garkuwar jikinsa ta farfaɗo. Wani ɗan'uwa da ya dawo daga Amurka kuma ya kawo mana kwalin Paxlovid, maganin korona. Wanne za mu bi? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya. Kada ku bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu da kanku. Ki kira likitan ƙodar da ke duba shi yau ɗin nan, ko da jikin nasa da sauƙi, domin magungunan da ke daƙile korona a kwanaki biyar zuwa bakwai na farko suke da amfani, ga shi kun riga kun shiga kwana na biyu. In babu likitan da ke bibiyarsa tun dawowarku, ku nufi sashen ƙoda na asibitin koyarwa. Asibitin Malam Aminu Kano yana yin dashe tun 2002, sun san irin waɗannan marasa lafiya.

Maganar yayansa tana da tushe, aiwatar da ita a gida ne kuskure. Magungunan nan suna danne sojojin jiki ne don kada su far wa baƙuwar ƙodar, wannan dannewar ce kuma ke sa korona ta fi yi wa masu dashe illa. A farkon 2020, wani asibiti a birnin New York ya ba da rahoton masu dashen ƙoda 36 da suka kamu, kashi 28 cikin ɗari suka rasu. Rigakafi da magunguna da sauyin nau'in ƙwayar cutar sun rage haɗarin ƙwarai, sai dai har yanzu ya fi na sauran jama'a, musamman ga mai shekaru, mai ciwon suga, ko wanda dashensa bai cika shekara ba.

To amma magungunan uku ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka ba a taɓa su gaba ɗaya. Mycophenolate ne likita yake fara dubawa: yakan rage rabi, ko ya tsayar da shi na ɗan lokaci in ciwon ya yi tsanani ko fararen ƙwayoyin jini sun yi ƙasa. Tacrolimus galibi ana ci gaba da shi, shi ne ginshiƙin da ke riƙe da ƙodar. In aka yanke shi kwanaki kaɗan jiki na iya fara ƙin dashen, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa babu ciwo babu alama, sai gwajin kiriyatinin, wanda ke nuna aikin ƙoda, ya hau, wani lokaci har a koma wankin ƙoda. Shi kuwa prednisolone, wanda ya shekara biyu yana shan sa jikinsa ya rage haɗa nasa sinadarin, tsayar da shi farat ɗaya cikin zazzaɓi na iya faɗar da bugun jini har mutum ya suma. Wani lokaci ma ƙara shi ake yi a kwanakin jinya.

Batun Paxlovid ya fi damuna, domin maganin yana da kyau, shi ya sa mutane ke sakin jiki da shi. Ƙwaya iri biyu ce a kwalin: nirmatrelvir mai yaƙar cutar, da ritonavir wanda aikinsa shi ne toshe hanyar da hanta da hanji ke bi su narkar da na farkon, don ya daɗe a jini. Ta wannan hanyar dai tacrolimus ke fita daga jiki. Da zarar an toshe ta, sai ya taru, ya ninka sau goma ko fiye cikin kwana biyu zuwa uku. Mutumin da ake son ma'aunin tacrolimus ɗinsa ya tsaya tsakanin 5 da 8 sai a same shi sama da 30. Alamominsa su ne karkarwar hannu, matsanancin ciwon kai, raguwar fitsari, ruɗewa, jijjiga, da hawan sinadarin fotashiyam wanda kan birkita bugun zuciya. Inda ake ba masu dashe Paxlovid, tsayar da tacrolimus ake yi kafin ƙwayar farko har tsawon kwana biyar na shan maganin, a riƙa auna jini, sannan a dawo da shi kaɗan-kaɗan, saboda tasirin ritonavir ba ya gushewa ranar da aka gama. Adadin Paxlovid ɗin kansa ma ana rage shi in aikin ƙoda ya yi ƙasa da 60 a ma'aunin tacewa. A ganina, duk inda sakamakon gwajin tacrolimus ke ɗaukar kwanaki kafin ya fito, kamar inda sai an aika jinin wani gari, barin Paxlovid ya fi alheri. Mai shan wasu magungunan dashen, cyclosporine ko sirolimus, shi ma matsalar ɗaya ce.

Akwai madadin da ba sa karo da tacrolimus. Remdesivir ta jijiya ake ba da shi kwana uku a jere, miligiram 200 ranar farko, 100 a kowace rana ta biyu da ta uku, cikin kwana bakwai da fara ciwo. Molnupiravir sha ake yi, miligiram 800 sau biyu a rana har kwana biyar. Ƙarfinsa bai kai na sauran ba, kuma ba a ba mai ciki. Samun su a nan ba kullum yake da sauƙi ba, likita ne zai san abin da ke hannu. Dexamethasone kuwa, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, na wanda ya kai ga buƙatar iskar oksijin ne kawai. Shan sa a gida tun ciwon yana da sauƙi ba ya taimako, sai dai ya tayar da suga ya ƙara danne garkuwa.

Gudawar da kika ambata kada ki raina ta. Tana ƙarar da ruwan jiki, ƙodar dashe kuma guda ɗaya ce, ba ta jure ƙarancin ruwa. Sannan gudawa da kanta tana ɗaga tacrolimus a jini ko ba a sha Paxlovid ba. Saboda haka yana buƙatar gwajin kiriyatinin, fotashiyam, ƙwayoyin jini da tacrolimus cikin kwana ɗaya ko biyu. Jinin tacrolimus da safe ake ɗiba, awa 12 bayan ƙwayar dare, kafin ya sha ta safe. In aka ɗiba bayan ya sha, sakamakon ba shi da amfani. Ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai har fitsarinsa ya yi haske. In yana shan lisinopril ko losartan na hawan jini, maganin sa fitsari, ko metformin na suga, ki tambayi likita ko a jingine su har gudawar ta tsaya. Azumi ma, ko na nafila ne, a ɗage shi.

Don zazzaɓi, farasitamol kawai: giram ɗaya duk bayan awa shida, kada ya wuce giram huɗu a yini. Ban da ibuprofen, ban da diclofenac, ban da haɗin da ake ƙullawa a kemis ba suna, ban da jiƙo da sassaƙe. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su clarithromycin, erythromycin da fluconazole su ma suna ɗaga tacrolimus. A kuma yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro da na fitsari, domin ganin korona a hanci ba ya nufin ita kaɗai ce ke jikinsa. In tarin ya haura mako biyu, a nemi tarin fuka.

Ki sami ƙaramar na'urar auna oksijin ta yatsa, ki duba sau uku ko huɗu a rana. In ta nuna ƙasa da 94, ku tafi asibiti. Na'urar kan nuna lamba sama da ta gaskiya a baƙar fata, don haka in numfashinsa ya yi sauri ko yana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, kada lambar ta riƙe ku a gida. Haka nan in fitsari ya ragu sosai, ko amai ya hana magani zama sau biyu a jere, ko ya ruɗe, ko wurin dashen ya fara ciwo. Saukar zazzaɓi ba shaidar warkewa ba ce a wurinsa, magungunansa kan ɓoye zafin jiki, kuma huhu ya fi taɓuwa daga ƙarshen makon farko zuwa na biyu.

Ƙwayar cutar kan daɗe a jikin mai dashe, har kwana 20 ko fiye. Ya keɓe a ɗaki mai iska, ku sa takunkumi, 'yan dubiya su yi haƙuri su gaishe shi ta waya.

Bayan ya warke, abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, in an tsayar da mycophenolate, ki tabbata an rubuta muku ranar dawo da shi, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu da samun sauƙi, tare da sake auna kiriyatinin. Na biyu, rigakafi. Binciken Jami'ar Johns Hopkins na 2021 a kan masu dashe 658 ya nuna kashi 54 cikin ɗari ne kawai jikinsu ya amsa bayan allura biyu, wani binciken a Faransa kuma ya ga adadin ya tashi daga kashi 40 zuwa 68 bayan ta uku. Ke nan mai dashe yana buƙatar ƙarin allurai fiye da kowa, alluran kuma ba su ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da za ta kama shi. Ki tambayi likitansa lokacin da ya dace ya karɓi ta gaba, musamman in yana da niyyar Umara ko Hajji, ke da manyan gidan ma ku karɓi naku.