Ba su littafin, amma ka fara da ɗan tarihi

Malam, kana tambaya ko ɗalibanka na ƙauye za su fahimci labarin yarinyar baƙar fata da ta tashi a kudancin ƙasar Amurka cikin wariyar launin fata, ta kuma rasa mahaifiyarta. Za su fahimta sarai, ba su littafin.

Na karanta irinsa da 'yan aji biyar a wani ƙauye kusa da Ringim. Wajen rasuwar uwar, aji ya yi tsit, wata marainiya ta kifa kai a benci har aka tashi. Mutuwa ba baƙuwarsu ba ce. Inda suka tsaya shi ne wariyar, wani ma ya ce ai ƙarin gishiri ne. Sai da na faɗa musu a 1955 an kama wata baƙar fata mai suna Rosa Parks a garin Montgomery na ƙasar Amurka don ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas, kuma sai 1964 doka ta haramta wariya a wuraren jama'a. Nan wani yaro, ɗan mahauta, ya ce an hana yayansa aure saboda sana'ar gidansu. Ranar ba mu gama babin ba.