Ɗana na kwance bayan tiyata, ya zan yi da sallah da kuma rubutun da kakarsa ta kawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Allah gafarta Malam, ni daga Garwa nake. Yarona ne ɗan shekara 4 taifod ta huda masa hanji akai masa aiki kwana uku kenan, an sa masa roba a hanci ga ƙarin ruwa a hannu, ni ke kwana da shi. Wlh Malam wani lokacin sai azahar ta wuce ban tashi daga wajensa ba dan in na matsa sai ya fizge robar, kuma zanina duk fitsari da jini. Babansa ma ya rasa juma'a yana yawon neman maganin ordonans, wato wanda likita ya rubuta. Sannan kakarsa ta aiko da rubutu tace lallai a bashi ya sha, likita kuma yace ko ruwa kar a bashi. Dan Allah a warware min.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba yaro lafiya yasa kaffara ne, ya baku ladan jinya.

Zan fara da rubutun dan shine ke da haɗari. Kar ki bashi. Hanjin da aka ɗinka sai ya ɗan kwanta baya motsi, shi yasa kike ji kullum suna tambayar ko yayi tusa, in aka ɗura masa abu kafin lokaci cikin na iya kumbura ya yi amai ya shaƙe, ɗinkin ma ya samu matsala. Shari'a ta hana cutarwa, kuma Annabi (SAW) da kansa yace ku yi magani bayin Allah, to bin dokar wanda ya san aikin yana cikin yin maganin. Addu'a kuwa bata tsaya sai an sha ba. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yana karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi ya tofa a tafinsa ya shafa jiki, ke ma ki wanke hannu da sabulu ki karanta ki shafa masa kai da ƙirji, kar dai ki kusanci bandejin. Ita Hajiya kaka soyayya ce ta sa ta, kar a mata tsawa, babansa ya kira ta ya lallashe ta yace Inna likita ya hana komai shiga ciki yanzu, ki ci gaba da mana addu'a daga gida.

Sai sallah. Bata faɗuwa a kanki, amma Allah bai ɗora miki abinda ba zaki iya ba. A mazhabarmu ta Malikiyya gusar da najasa wajibi ne idan mutum ya tuna kuma yana da iko, sannan Shehu Khalil a Mukhtasar ya ambaci rangwame akan abinda kiyaye shi ke da wuya, har ya kawo misalin tufar mai shayarwa in dai tana iya ƙoƙarinta, yace an so ta ware tufa ta sallah. Halinki ya yi kama da wannan sosai. To ki ware zani ɗaya da hijabi ki ƙulle a leda ki sa ƙarƙashin gado, lokaci yayi ki canza. Ranar da ya gagara kuma kina tsoron fitar lokaci kiyi a haka, sallarki ta yi. Jini ɗan kaɗan da bai wuce faɗin dirhami ba, a ƙiyasi kamar tsabar dala ashirin ɗin nan, dama an yafe shi.

Ba dole sai kin fita masallacin asibiti ba, ki shimfiɗa ɗankwali nan gefen gadon ki karanta gajerun surori. In ya kai hannu ga robar ki miƙa hannu ki riƙe shi kina cikin sallar, Annabi (SAW) yayi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta in ya miƙe ya ɗauka. Kina iya jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta ki idar la'asar ta shigo ki tashi ki yi, haka magariba da isha'i, tashi ɗaya kenan maimakon biyu. Idan ranar ta yi tsanani har hakan bai yiwu ba, akwai malamai irin Hanbalawa da suka yarda a haɗa biyun a lokaci ɗaya saboda matsi, hujjarsu hadisin Ibn Abbas a Muslim cewa Annabi ya haɗa sallah a Madina ba tsoro ba ruwan sama dan kar ya ƙuntata wa al'ummarsa. Ni ina ganin ki ɗauki wannan a irin daren da babu mai karɓar ki, ya fi ki bar lokaci ya fita gaba ɗaya. Waɗanda suka wuce ki rama su a jere.

Maigidanki ba laifi a kansa, jinya uzuri ne na barin juma'a in ba mai tsaya masa, yayi azahar raka'a 4. Abdullahi ɗan Umar ya bar juma'a ya tafi wajen Sa'idu ɗan Zaidu da ya ji ciwonsa yayi tsanani, yana cikin Bukhari. Sayyadina Usman ma Badar guda bai je ba saboda jinyar Nana Ruƙayya, akace masa yana da lada da rabon wanda ya halarta. Wannan hadisin nakan so iyaye maza su ji shi, dan na sha zuwa duba mara lafiya in tarar da uwa ita kaɗai kwana biyar akan tabarma idonta yayi ja, uban sai ya leƙo ya ajiye jaka biyu ya tafi. Naki yana ƙoƙari Allah ya saka masa, amma ku raba daren, ko ƙanwarki ko goggonsa ta karɓe ki ki samu barcin awa uku ki ci abinci.

Kuma kar kiyi ta kuka a gabansa, yara suna karanta fuskar uwa. In za a wanke ciwon kar ki ce masa ba zafi, kice zai ɗan yi zafi amma ina nan riƙe da hannunka. In kinga jikinsa yayi zafi, ko cikin na ƙara kumbura, ko wani ruwa na fita daga ɗinkin, ki kira nas nan take ko da kin kabbara ne ki yanke ki sake daga baya.

Wallahu a'alam.