Tambaya da Amsa: A sayi PS4 mai hakin ko wadda ba a taɓa ba?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wanga mako. Saƙonni sun taru kan maganar gem, har da na wata mahaifiya, to na tsamo huɗu. Tun yanzu in faɗa, masu cewa in turo masu yadda ake fasa inji mataki mataki ku yi haƙuri, ba aikin filin ga ba ne, mu lissafin abin muka yi.

TAMBAYA: Salam Yaya. Ina da ɗan gidan gem nan Mabera, PS4 biyu da PS3 guda, yara na buga ƙwallo naira 200 wasa guda. Na tara kuɗɗi zan ƙaro ta ukku, mai shago yac ce akwai wadda anka yi ma hakin da gem sha biyar ciki, akwai wadda ba a taɓa ba ita sai in sayi gem da kaina. Kuma wai mai hakin ɗin ta fi tsada! Mi yas sa abin da anka fasa zai fi lafiyayye tsada? Wacce zan ɗauka? Daga mai gidan gem, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah shi ƙara kasuwa. Ka tuna yadda ake ba da layin waya kusan kyauta bakin hanya, har da lema da kiɗa? Ba don suna son ka ba ne, sun san kuɗɗin na cikin kati da data da za ka yi ta saye shekara da shekaru. To haka kasuwar injin gem take. Lokacin da PS3 ta fito a 2006 Sony ta sayar da babbar dala 599, masu bin diddigin kayan ciki sunka lissafa sunka ce ƙera guda ya haura dala 800. Wato duk wanda ya saya sai sun yi asara kanshi, da niyyar su fanshe wurin gem, don kowane gem aka sayar suna da kaso, a shagonsu na intanet ma kashi 30 cikin 100 suke cirewa. Shi ya sa sunka sa ma injin maigadi, duk gem ɗin da bai ɗauke da hatiminsu ba zai buɗe ba. Hakin ko jelbirek da kuke cewa, yaudarar maigadin nan ne ya bar kowa ya shige.

Batun tsada kuma, ba kowace PS4 ke fasuwa ba. Ramin da ake bi yana cikin manhajar injin, kuma da Sony ta gano sai ta toshe shi da afdet, wato sabunta manhajar zuwa sabuwar lamba. An samu na lamba 9.00 a ƙarshen 2021 wanda ake yi da filash, an samu na 11.00 a 2024, daga baya an ɗan ƙara gaba, amma kullum masu fasawa a baya suke, Sony na gaba. Injin da ya wuce lambar ya wuce kenan. To ka ga injinan da sunka tsaya a tsohuwar lamba kullum raguwa suke, masu nemansu kuma daga Legas har Kano har nan ƙaruwa suke, ba sai an yi maka bayanin sauran ba, kai ma ɗan kasuwa ne.

Yanzu mu ɗauki biro. Sabon babban gem dala 70 ne. A 2024 dala ta haura naira 1,500, ka buga ka ga naira 105,000, alhali mafi ƙarancin albashi da anka sa ma hannu a shekarar naira 70,000 ne. A farashinka na 200, sai an buga wasa 525 kafin ka maida kuɗin gem guda, ba a yi maganar man janareto ba, ba a yi ta fad ɗin, abin riƙewa a buga gem, da yara ke kashewa da haushin an ci su ba. Ga kuma wani abin haushi, Sony ba ta buɗe ma Najeriya shagonta na intanet ba, ko kana da kuɗɗin ka yi niyyar saye ta hanyar gaskiya sai ka buɗe akawun da adireshin Amurka ko Ingila ka nemi katin kuɗinsu a hannun 'yan tsakiya su ma su ci nasu. Don haka ba zan zauna nan in yi kamar ban san dalilin da ya sa gidajen gem sunka rungumi mai hakin ba.

Amma ga abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Hakin ɗin PS4 ba ya zama, duk sanda injin ya mutu sai an sake yi, wani lokaci ya kama karo ɗaya wani lokaci ya yi ta kashe kanshi, kuma mu da wuta ke ɗaukewa tsakiyar wasa ba sallama, irin wagga mutuwar kwatsam ita ke lalata abin da ke cikin had dis, ka wayi gari gem sha biyar sun koma sifiri ka sake biyan mai lodi. Sannan injin ya zama tsibiri, ba onlayin, ba buga wasa da mutumin Kaduna ko Jidda, sabbin gem da ke buƙatar sabuwar lamba kuma sai ka jira wani can ya yi masu kwaskwarima tukuna, yaro ya zo yana neman ɗan wasa a sabon kulob ɗinshi ya tarar da shi a tsohon, ya tashi ya koma gidan gem na gaba. Kuma mu daina ɓoye ma juna, gem ɗin da ke ciki aikin wasu ne da ba a biya su ba.

Ni da ni ne kai, tunda kana da biyu na buga ƙwallon benci, ta ukkun zan ɗauki wadda ba a taɓa ba, ga ta ma ta fi araha. In nemi faifan ƙwallo na bara na hannu, farashinshi faɗuwa yake da zarar sabo ya fito kuma in ka gaji kana iya sayar da shi ka ƙara ka canza, abin da ba ka iya yi da gem ɗin lodi. Ga eFootball da ta gaji PES tun 2021, kyauta ake sauke ta, data kawai za ta ci. Sai ka ware ta a matsayin ta onlayin ka sa mata farashinta daban, samarin da sunka fi ƙarfin 200 su ne kasuwarka a nan. Af, ko wacce ka saya, ka ɗaga ta daga ƙasa ka riƙa kai ta ana share fanka, ƙurar hunturu da zafin Afrilu na Sakkwato sun kashe inji fiye da duk wani hakin.

TAMBAYA: Yaya don Allah taimako. Ƙanena ya jona PS4 ɗina da wayfay ya danna afdet, yanzu duk gem sun nuna kwaɗo sun ƙi buɗewa. Akwai gyara? Daga wani ɗalibi, Arkilla.

AMSA: Sai haƙuri ɗan'uwa, kar ka doke shi. Sony ta gina injin ne yadda ba ya komawa baya da danne-danne. Akwai masu buɗe cikinshi su taɓa wasu cif guda biyu da ƙarfen narka dalma su maido shi lambar da ya baro ta ƙarshe, aiki ne na wanda hannunshi ya faɗa sosai, kuskure kaɗan injin ya zama maƙari na ƙofa. Ko ka ajiye ka jira wataƙila a fasa sabuwar lambar wata rana, ko ka karɓi ƙaddara ka koma faifai, aƙalla yanzu kana iya shiga onlayin. Masu injin hakin kuma kar ku yi gangancin shiga da akawun ɗinku na gaske, kamfanonin ga suna toshewa, a Nuwamba 2009 Microsoft ta kori dubban ɗaruruwan Xbox 360 daga onlayin a tashi guda, kuma injin kanshi sunka toshe ba akawun kaɗai ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ɗana ya gama sakandare, kullum yana ɗaki da injinan abokai yana masu wanga lodi suna ba shi ɗan na kashewa. Yanzu yana son in ba shi jari ya kama shago. Ni dai tsoro ni kai kar ya zan aikin da za a kama shi. Daga wata uwa, Runjin Sambo.

AMSA: Hajiya barkanmu dai, Allah shi raya mana su. Tsoronki na kan hanya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da marigayi Shugaba Buhari ya sa ma hannu a Maris 2023 ta hana karya makullin fasaha da mai abu ya sa ma abinshi, ta kuma hana kasuwancin kayan karya shi. Cewa kowa na yi a kasuwa ba a kama shi ba bai maida abin kan doka ba. Kuma in kin duba yadda kamfanonin ke yi a waje, ba yaron da ke buga gem a ɗaki suke bi ba, wanda ya maida abin sana'a suke bi. Akwai wani ɗan Kanada, Gary Bowser, yana cikin wata ƙungiya Team Xecuter masu sayar da kayan fasa injin gem na Nintendo Switch, a 2022 kotu a Amurka ta ɗaure shi wata 40, ga tarar dala miliyan 4.5, ga wata miliyan 10 da zai biya Nintendo. Ya fito a 2023 amma duk abin da ya samu sai an yanki kaso an tura masu, bashin da ko jikanshi bai gani ƙarshenshi. Shi kuma ba shi ne ma uban tafiyar ba.

To amma Hajiya kar ki kashe mashi gwiwa, yaron da ya koya ma kanshi wanga aiki yana da kai. In shago za ki buɗe mashi, ya zama na gyara, fad da sandarta ke tafiya da kanta, bakin waya ta talabijin da ya karye, inji mai zafi yana ƙara kamar jirgi, canjin had dis, duk aiki ne na halak ɗinshi kuma masu iya shi da kyau ba su da yawa. In kuma ƙwaƙwalwar ce ke ja nai, ki tura shi karatun tsaron kwamfuta. Tun 2020 Sony da kanta ke biyan lada ga wanda ya gano rami ya kai mata rahoto, babban rami na PS4 daga dala 50,000 ta sa. Wanda ma ya gano ramin 11.00 da ɗanki ke amfani da shi, Andy Nguyen, injiniyan tsaro ne da ya yi aiki da Google, kuma Sony ya fara kai ma rahoto kafin duniya ta ji.

TAMBAYA: Oga ni fa ban ga abin damuwa ba. Kamfanonin nan biloniyoyi ne, in munka loda gem kyauta nan Sakkwato mi za su rasa? Daga ɗan jami'ar Ɗanfodiyo.

AMSA: Ɗan jami'a, rabin maganarka gaskiya ce. Wanda ba shi da dala 70 ko an hana shi lodi ba saye zai yi ba, don haka ba kowane lodi ne asara ba. PS2 ma ai an sha yi mata cif da faifan kwafi a zamaninmu, kuma ita ce ta sayar da sama da miliyan 155. Amma Dreamcast ta Sega fa? Ita ko cif ba ta buƙata, faifan da aka ƙona a kwamfuta take ci, ga PS2 ta taso mata, ga asarar da Sega ta kwaso tun baya, a 2001 sunka daina ƙera inji gaba ɗai.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wa ke biyan kuɗin rigimar. Dubi PS3. Da farko tana da damar a sa mata Linux ta zama kwamfuta, har sojan saman Amurka sunka haɗa guda 1,760 sunka yi babbar kwamfuta da su don araha. Farkon 2010 wani matashi George Hotz, wanda ya fasa iPhone tun yana ɗan 17, ya bi ta wannan ƙofa, Sony ta fusata ta cire damar ga kowa da kowa a Afrilu, har da waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Masu fasawa su ma sunka ɗau zafi, a Disamba wasu sunka tsaya a wani taro a birnin Balin na Jamus sunka nuna cewa lambar da ya kamata Sony ta riƙa canzawa duk sanda za ta buga hatimi, guda ɗaya take ta maimaitawa, da haka aka lissafo makullin. Hotz ya baza shi a Janairu 2011, Sony ta kai shi kotu, sunka sasanta. A Afrilun nan kuma wasu sunka kutsa rumbun PlayStation Network, wato onlayin ɗin Sony, shi Hotz ya ce ba hannunshi, bayanan akawun miliyan 77 sunka fita, onlayin ya mutu kwana 23, Sony ta ƙiyasta asarar dala miliyan 171. Masu akawun ɗin nan mafi yawa mutane ne da sunka sayi gem da kuɗɗinsu.

Tun daga nan makulli ƙara tsauri yake, komai na komawa intanet da akawun. Ba hakin kaɗai ya jawo ba, kamfanonin dama sun fi son ka saya a shagonsu inda ba mai sake sayarwa, amma ya ba su hujja. Mu kuma nan shi ya fi dokewa, don faifan hannu shi ne hanyarmu ta gaskiya mai araha, ka saya ka buga ka musanya da aboki. Gem na yanzu wani giga 50 wani ya haura 100, ka je ka tambayi kuɗin data ɗin da zai sauke shi da kwana nawa za ka yi kana gadin netwok. PS5 Pro lokacin da ta fito a 2024 dala 700 anka sa mata kuma ko wurin sa faifai babu, shi ma daban anka sayar da shi dala 80.