Amsa: yadda ake gane zubin racet ɗin Craftsman

Malam, kana tambaya ko racet (sifanar da ake ɗora wa soket) ɗin Craftsman mai bakin inci 3/8 da ka tsinta a kayan gwanjo tsohon zubi ne. Ka goge mariƙin da kananzir, ka nemi ƙaramin harafin da ke kusa da sunan. Masu BE, ko kuma masu H a cikin da'ira, aikin kamfanin New Britain ne, sun girmi masu harafin V. Masu V ɗin kamfanin Moore Drop Forging ya ƙera wa Sears, kamfanin da ke da sunan Craftsman a lokacin, kuma =V= mai layi bibbiyu ya riga -V- fitowa.

Sai ka duba bayan kan. In akwai maɓallin da ake dannawa soket ya fita, to bai wuce tsakiyar shekarun 1960 a tsufa ba.

Haƙora kuwa, sa alama da alli a bakin, juya shi zagaye ɗaya kana ƙirga ƙarar don ka san yawansu. Amma kada ka dogara da wannan kaɗai, domin Sears ta daɗe tana sauya kayan ciki, sai ka tarar da sababbin haƙora a tsohon jiki. Kuma ka guji burushin waya, yana cinye harafin, darajar ta faɗi.